Yini Guda a Gaɓar Cozumel

A shekarar 1996 mujallar Harper's ta buga dogon rubutun David Foster Wallace kan mako gudan da ya yi cikin jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Zenith a tekun Karibiyan. Mun sake karanta shi, kuma wurin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ranar da jirgin ya yada zango a tsibirin Cozumel na ƙasar Meziko.

Wallace ya tsaya a saman jirgi yana leƙen 'yan'uwansa Amurkawa suna tururuwa zuwa gaɓa kamar garken shanu. Kunya ta rufe shi, domin ya san mutanen gari ba za su bambanta shi da su ba. Wannan faɗin gaskiya ya burge mu.

Sai dai kunyar a kansa ta fara, a kansa ta ƙare. Mai sayar da tsaraba da direban tasi, waɗanda abincinsu ya rataya a kan 'yan sa'o'in nan kafin jirgi ya tashi, ba mu ji ta bakinsu ba. Irin wannan murya sai a littafin A Small Place na Jamaica Kincaid, wanda ya fito a 1988, inda 'yar Antigua ke faɗa wa ɗan yawon buɗe ido gaskiya ido da ido.

Marubutanmu masu labarin tafiye-tafiye, a lura: baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wanda ya yini a gari, ya bar ɗan gari ya yi magana.