Jinjina ga Maƙeran Gatarin Kratos

A 2018 ne ma'aikatan Santa Monica Studio, ƙarƙashin jagorancin Cory Barlog, suka raba Kratos da wuƙaƙensa masu sarƙa, suka miƙa masa gatari a wasan bidiyo na God of War. Ba don ado suka yi ba. Kyamara ta dawo dab da kafaɗarsa, ba ta yankewa ko sau ɗaya, don haka sai makamin da ake saitawa a jefa. Gatarin kuwa, mai suna Leviathan, da an danna maɓalli zai dawo, yana saran duk abokin gaban da ya tare masa hanya, ya faɗa tafin hannu tim!

Sai ɗansa Atreus. Kratos baƙo ne daga Girka, bai iya karatun rubutun mutanen Arewacin Turai ba, yaron ne ke karanta masa. Dole mai wasa ya jingina da yaron, kamar yadda uban ya jingina da shi.

Gwanintar ta fi fitowa a Helheim, duniyar matattu, inda ƙanƙarar gatari ba ta cin matattu. Ba yadda Kratos ya iya, ya tono tsofaffin wuƙaƙen da yake kunyar tarihinsu.

A shekarar ce The Game Awards ta ba wasan kambun gwarzon shekara, kuma ma'aikatan sun ci guminsu.