Kiɗan Buluz na Karolina ta Arewa da Gidauniyar Music Maker

Kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka ba iri ɗaya ba ne, kowane yanki da salonsa. Wanda za mu duba a wannan takarda shi ne na yankin Piedmont, musamman jihar Karolina ta Arewa, da irin taimakon da ake yi wa tsofaffin makaɗansa.

Alamar wannan salo tana ga hannun dama. Babban yatsa yana riƙe da ƙananan muryoyin jita, yana kai da komo tsakanin tsirkiya biyu, sauran yatsu kuwa suna fitar da karin waƙa a sama. Saboda haka kiɗan ya fi na Misisifi sauƙi da daɗin rawa. A bakin rumbunan taba na birnin Durham Blind Boy Fuller ya shahara da shi. Daga 1935 zuwa 1940 ya sa waƙoƙi fiye da 100 a faifai, amma ya mutu a 1941 bai tara abin kirki ba. Makaɗin fada a ƙasar Hausa yana da ubangida mai ɗaukar nauyinsa. Waɗannan kuwa ba su da kowa sai kamfanin faifai, wanda yakan biya sau ɗaya ya wuce.

Wannan giɓi ne Tim Duffy da matarsa Denise suka nufi cikewa sa'ad da suka kafa gidauniyar Music Maker a 1994. Abotar Duffy da Guitar Gabriel, wani tsohon makaɗi na gidajen shaye-shaye a Winston-Salem, ita ce mafarin al'amarin. Aikin gidauniyar iri biyu ne: biyan kuɗin magani da abinci da haya, sa'an nan nema wa makaɗi wurin wasa da ɗaukar kiɗansa.

A ganinmu na biyun ya fi na farko daraja, ko da yake na farkon ba ya barin jira. Sadaka tana raya mutum, amma aiki ne ke raya sana'a. Etta Baker ta isa misali. An fara ɗaukar kiɗanta a 1956, sai ta shafe shekaru tana aikin masaƙa, ba ta sami faifai nata na kanta ba sai 1991. Gidauniyar ta fitar da Railroad Bill a 1999, tana da shekara 86. Wanda ya saurara zai ji hannu mai tsabta, ba gaggawa, ba ƙawa, kowace murya a mazauninta.

Amma fa akwai abin tsoro. Faifan da aka fitar don taimako yakan zo da labarin talauci da tsufa, har mai saye ya ɗauka wahalar makaɗi ita ce shaidar ingancin kiɗansa. Wannan kuskure ne, kuma raini ne ga gwanaye, gama yana jera su sahu ɗaya da waɗanda ba su kai ba. Lalle ya kamata a tausaya wa mabukaci, amma kiɗa da kunne ake auna shi. Malamin da zai sa wa ɗalibansa faifan Etta Baker, sai ya bar su su ji hannunta tukuna, kafin ya ba su tarihinta.