Kalmomin Gida da na Kasuwa a Bakin Mai Addu'a: Nazari kan Hausar Littafi Mai Tsarki

Masu rubuta tarihin adabin Hausa na boko sun saba fara lissafi daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, daga nan su gangaro kan Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939. Da wuya a ji sun ambaci wani littafi da ya riga waɗannan duka fitowa, ya kuma fi su kauri nesa ba kusa ba, wato Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne: littafin na addinin tsiraru ne a ƙasar Hausa, kuma baƙi ne suka jagoranci fassararsa. To amma shirun ya jawo hasara, domin da wannan Hausa ce dubban mutane, daga Tsibiri zuwa Wusasa, suke tunani a kan Allah da aure da bashi da mutuwa. Wanda duk ya damu da harshe, ko wane addini yake bi, ya kamata ya tambayi irin kalmomin da aka ba su su yi wannan tunani da su.

Tushen aikin yana da alaƙa da ƙasar Damagaram fiye da yadda aka sani. Dorugu, yaron da aka kama bawa daga wani ƙauye na wajen Kance, wanda Overweg ya ƴanta a Borno, shi ne Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ya zauna da James Schön, Bajamushen mishan da ya daɗe yana fama da koyon Hausa, kuma a 1857 Schön ya fitar da Bisharar Matiyu da Hausa. Fassarar 1932 kuwa aikin wani kwamiti ne wanda likita Walter Miller na Zariya ya zama ƙashin bayansa. Ita ce mishan ta SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924 ta kuma kafa sansani a Tsibiri bayan ƴan shekaru, ta riƙa koyar da karatu da ita shekara da shekaru. Daga baya aka sake sabuwar fassara a Nijeriya, aka kammala ta a 1979, ta bazu daga 1980.

Ko daga sunayen littattafan da ke ciki ana iya gane inda kowace fassara ta sa gaba. Ta farko ta ce Yohanna, ta biyu ta ce Yahaya. Ta farko ta ce Yesu Kristi, ta biyu ta ce Yesu Almasihu. Ru'ya ta Yohanna ta koma Wahayin Yahaya, Misalai ya koma Karin Magana. A fili yake cewa masu fassara ta biyu sun so matsawa kusa da kunnen Bahaushe Musulmi. Ta 1932 tana da tauri, jimlolinta sau da yawa suna tafiya da takun wani harshe, kamar mutumin da ya ari takalmin da bai yi masa daidai ba. Duk da haka tsofaffin masu bi da suka haddace ta ba su yarda sun rabu da ita cikin sauƙi ba, domin taurin nan ya riga ya zame musu alamar tsarki. Ta 1979 ta fi santsi, ta fi kama da maganar mutane, ko da yake ita ma ta yi tuntuɓe: littafin da a dā ake kira Mai-Wa'azi, sunan da kowane yaro zai gane, sai ta mai da shi Mai Hadishi, wanda sai an yi wa mai karatu bayani.

Akwai kalmomin da masu fassara ba su da zaɓi a kansu. Hausa ta daɗe da ɗaukar kayan maganar addini daga Larabci, don haka Allah da annabi da manzo da mala'ika da zunubi da tuba da Zabura duk suna nan daram a shafukan littafin. Har kashi ɗaya cikin goma da mai bi ke bayarwa a majami'a, zakka ake kiransa. A wurare biyu ne aka ja layi: an riƙe Yesu ba a ce Isa ba, an kuma bar Ɗan Allah yadda yake, alhali an san babu furucin da ya fi shi nauyi a kunnen maƙwabci. Wannan saɓani ne na aƙida, ba gwanintar fassara da za ta share shi, kuma an yi ta rubutu a kansa. Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, ta ware babi guda ga wannan batu na harshen ibada.

Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne sauran kalmomin, waɗanda aka ɗebo daga tsakar gida da bakin kasuwa. A nan ne masu fassara suka yi aikinsu mafi kyau, a nan ne kuma suka ɗora wa mai karatu kayan da ƙila ba su san nauyinsa ba.

A ɗauki bangaskiya. Kalmar imani tana nan a shirye, amma aka kauce mata, aka ɗauki wadda ta fito daga ba da gaskiya. Imani a kunnen Bahaushe yana zuwa da shika-shikansa shida, abubuwan da ake lissafawa a amince da su. Ba da gaskiya kuwa abu ne da ake yi wa mutum: Alhajin Maraɗi da ya ɗora kaya a mota zuwa Kano ba tare da takarda ba, ya ba direba gaskiya ne. Zaɓin ya dace da abin da wasiƙun Bulus ke nufi, wato dogara ga wani, ba haddace jerin batutuwa ba. Sai dai yardar kasuwa tana da sharaɗi. Ana ba da ita ne da sa ran riba, in kuwa kaya ba su iso ba sai a janye ta. Tun bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da ƙofa ta buɗe wa ƙungiyoyin addini iri-iri, wa'azin wadata da ya ƙetaro daga Nijeriya ya sami wannan kafa a cikin kalmar, ya shiga: ka ba da gaskiya, ka ba da baiko, ka jira ninki. Mai karatun da ya bi littafin Ayuba daga farko zuwa ƙarshe zai ga cewa tambayar da Shaiɗan ya tayar a farkonsa ita ce wannan ɗin, ko mutum zai tsaya ga Allah in babu riba. Fastocin da suka fi tunani su ne waɗanda ke komawa ga Ayuba duk lokacin da kalmar ta fara ƙamshin ciniki.

Matsalar alheri ta fi wannan zurfi. Da ita aka fassara abin da Faransanci ke kira grâce, jinƙan da ake yi wa wanda bai cancanta ba, wanda kuma ba zai taɓa iya biya ba. Babu wata kalmar Hausa da ta fi ta kusa, kuma tana da ɗumi: kowa ya san daɗin a yi masa alheri. Amma Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, suka kuma ce alheri gadon barci. Wato alherin Bahaushe ajiya ne. Matar da ta kai wa ƙawarta biki ranar suna ta san adadin abin da ta kai, ƙawar ma ta sani, ranar da aka juyo za a mayar har da ƙari. Wadda ta kasa mayarwa ta ji kunya a idon unguwa. Yaya mace da ta tashi cikin wannan tsari za ta ji in an ce mata ga alherin da ba a ramawa? Ko dai ta ji shi a matsayin hutu daga wani nauyi da ta ɗauka tun ƙuruciya, ko kuma, wanda ya fi yawa, ta mai da Allah babban abokin biki, ta shiga lissafin abin da ta kai masa da abin da take jira. Fassarar ba ta warware wannan ba, kuma ba laifinta ba ne. Ta dai ajiye koyarwar a daidai wurin da za ta yi karo da rayuwa, wanda ya fi a ce an ƙirƙiro wata baƙuwar kalma mai tsabta da ba ta taɓa kowa.

Fansa kuwa kalma ce mai tabo. A zamanin Dorugu ma'anarta ba ta bukatar wa'azi: kuɗin da dangi ke tarawa su karɓo ɗansu daga hannun ubangijinsa, ko wanda bawa ke tarawa da guminsa ya sayi kansa. Da aka ce Almasihu ya fanshi mutane, masu sauraro na farko sun san kasuwar da ake nufi. Kada kuma a ɗauka zancen ya zama tarihi. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifin da ake hukuntawa, a 2008 kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya. A ƙauyukan kan iyaka na kudancin Maraɗi, inda masu satar mutane suka addabi jama'a, kuɗin fansa ya sake zama maganar yau da kullum, ana sayar da gona da shanu a karɓo mutum. Sa'an nan ga ma'ana ta uku: ɗaukar fansa, wato ramuwa. Kalma guda ta haɗa ceto da ramuwar gayya. Ba kowane harshe ne zai ba mai wa'azi irin wannan dama ba, abin mamaki kuma shi ne yadda ake wuce ta a majami'u kamar kalmar da aka haifa a cikin littafin waƙoƙi.

Ba ko'ina ne sa'a ta yi ba. Sunan Karin Magana ya yi alkawarin da littafin bai cika ba. Karin maganar Hausa gajeriya ce, a naɗe take, tana faɗin rabi ta bar wa mai hankali rabi. Hikimar Ibraniyawa kuwa tana faɗin abu a layi na farko ta sake faɗinsa a na biyu, tana kiran mai adalci da mugu da sunansu. Bahaushen da ya buɗe littafin da ɗokin jin irin maganar kakarsa zai tarar da nasiha ce, mai kyau, amma nasiha. Misalai ya fi gaskiya. Haka nan gurasa: abincin birnin Kano ce, ta alkama, baƙuwa ga manomin Gobir da ya tashi da fura da tuwon hatsi. Abin da yake abincin talaka a ƙasar Yahudiya ya zama abin marmari a nan. An yi dabara da aka sa abinci kawai a cikin addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa.

Inda fassarar ke sakin jiki shi ne labaran noma da yunwa. Rut mai bin bayan masu girbi tana kala, Yusufu mai cika rumbuna a shekarun ƙoshi saboda shekarun fari, mai shukar da irinsa ya faɗa kan fako: waɗannan ba su bukatar sharhi ga wanda ya ga 1973 ko 1984 ko 2005. Labarin kutare goma ma wani abu ne dabam in an karanta shi a Danja, inda mishan ta buɗe asibitin kutare.

Mai karatu na Nijar yana da ƙarin wahala tasa. Fassarorin biyu duka a hayin Nijeriya aka yi su, ta biyun kuma da daidaitacciyar Hausa mai bin Kananci, wadda ba ita ce ake ji a Tawa ko Dogon Dutsi ba. Ga shi kuma ɗan lakwal ya koyi haruffa da ƙa'idar Faransanci, yakan yi tuntuɓe a kan c da u da sh na Hausa, har ya gwammace ya ɗauki fassarar Faransanci ya bar ta Hausa ga tsofaffi da mata. Saboda haka mata ne suka fi riƙe wannan Hausa da rai, musamman a waƙoƙin Zumuntar Mata, inda ake sassaƙe ayoyi a zuba su cikin amshi da kiɗa. Sunan ƙungiyar ma abin lura ne. Zumunta a asali ta jini ce, kuma an ce a ƙafa take. Ga wanda shigarsa sabon addini ta raba shi da gadon mahaifi ko ta hana shi matar aure a danginsa, kiran taron majami'a zumunta da'awa ce babba: cewa ga wasu dangi da za su zo suna, su zo jana'iza.

An gwada wannan da'awa a Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar da zanen wata jaridar Faransa ya tayar ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone, a Damagaram ran 16 ga wata, a Yamai washegari. Mutum goma suka rasa rayukansu, aka ƙone majami'u masu yawa. A kwanakin da suka biyo baya, abin da shugabannin majami'u suka yi ta kira a yi shi ne gafara, ba ɗaukar fansa ba. Ita ma daga Larabci Hausa ta samo ta, amma ta daɗe da sauka cikin gida. Da ita ake gaida malami a ce Allah gafarta malam, da ita kuma mace ke sallama a ƙofar gidan maƙwabciya in ta je ɗiban wuta.