Wa Za a Ba Aikin Sake Zana Abuja?

Jama'a, an ce hukumar Abuja za ta sake duba taswirar birnin da taimakon JICA ta Japan. Madalla. Amma kafin a damƙa wa wani kamfani aikin, a tuna da na farko. IPA, gamayyar kamfanonin Amurka, ita ta zana tsarin a 1979: ga wurin ma'aikatu, ga unguwannin manya, komai tsaf. Talakan da zai share ofisoshin, ya kai musu nama da tumatir, ina aka yanka masa wurin da zai iya biya? Da El-Rufai ya zo da rusau daga 2003, sai mutane suka kwararo Mararaba da Ado da Masaka. Mu kuwa a takarda 'yan Karu ne, jihar Nasarawa, taswirar ba ta ma san da zamanmu ba.

To, duk kamfanin da ke neman kwangilar nan, injiniyoyinsa su kwana a Masaka, su idar da asuba su hau motar haya zuwa Nyanya, su ɗanɗana cunkoson. Su zauna da masu unguwanni da 'yan kasuwa da Gbagyi masu ƙasa, da gwamnatin Nasarawa. Wanda ya ƙi, a hana shi aikin.