Sojojin Takarda a Fagen Hastings

A garin Epinal da ke gabashin Faransa, Jean-Charles Pellerin ya kafa maɗaba'ar hotuna a 1796. Cikin kayan da suka fito da sunan gidan akwai fallayen takarda masu ɗauke da sahu-sahun sojoji, mahaya da dakaru da masu igwa, kowa da kalar kakinsa. Yaro ya saya da 'yan kuɗi kaɗan, ya yanke da almakashi, ya manna a guntun katako, ya jera a ƙasa. Ɗan mai hali a saya masa sojan dalma, ɗan talaka ya rungumi takarda. Tun daga nan arha ta zama tambarin wannan sana'a.

Jera sojoji daban, wasa da su bisa doka daban. Dokar daga barikin Furushiya ta fito. A 1824 wani hafsa, Reisswitz, ya gyara wasan da mahaifinsa ya ƙirƙira, ya gabatar wa manyan sojan ƙasar da shi, aka sa shi cikin horon hafsoshi da sunan Kriegsspiel. Ɓangare biyu ne, ja da shuɗi, da taswira, da alƙalin wasa a tsakiya. Kowane kwamanda ya rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙali, alƙali kuma ba ya nuna masa sai abin da idon sojojinsa zai iya hangowa. Bayan Furushiya ta lallasa Faransa a 1870 zuwa 1871, sauran rundunonin Turai suka kwaikwaya. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da Little Wars, ya sauko da abin daga bariki zuwa tsakar ɗaki: manya da gemunsu a durƙushe suna harbin sojojin dalma da 'yar igwar wasa. Shekara guda bayan haka yaƙin duniya na farko ya ɓarke.

Takarda ta dawo da ƙarfinta a 2016, lokacin da kamfanin Helion ya fara buga littattafan mai zane Peter Dennis, da dokokin wasa na Andy Callan. Ka ɗauki shafi, ka yi masa hoto a shagon kwafi sau nawa kake so. Kowane sahu yana da zanen gaba da na baya. Ka naɗe takardar, ka shafa gam, ka bari ta bushe, sannan ka bi layin kawuna da māsu da ƙaramin almakashi. Masu ƙwarewa kan bi gefen da aka yanke da alƙalami mai duhu don farin takarda kada ya tona asiri. A manna a kan kwali mai kauri, shi ke nan, runduna ta tsaya. Wanda ke fentin sojojin roba ko dalma ɗaya bayan ɗaya kan kwashe watanni kafin ya ga fagen fama, da yawa ma aikin kan mutu a cikin akwati. Mai takarda kuwa cikin 'yan kwanaki ya gama, kuma nan ne ainihin wahalarsa ke farawa, don ba sauran fenti da zai fake da shi.

A ɗauki yaƙin Hastings na 14 ga Oktoba 1066. Sarki Harold na Ingila ya gama da mayaƙan Norway a Stamford Bridge ranar 25 ga Satumba, ya sako kudu da gaggawa ya tari William na Normandi. Ingilawa suka tsaya a ƙafa bisa tudu, garkuwa na gogar garkuwa. William na da maharba da dakaru da dawakai. Mai shirya wasan zai fara da tambayoyi masu sauƙi: kwali ɗaya mutum nawa yake wakilta, faɗin teburin cin abinci zai ɗauki tudun ko sai an rage, littattafai nawa za a cusa ƙarƙashin koren zane kafin ya yi kama da gangare. Ga kamannin sulke da kwalkwali akwai dogon zanen surfani na Bayeux, mai kusan mita 70, wanda ake kyautata zaton mutanen William ne suka sa aka yi shi, saboda haka a karɓi hotonsa, a yi hattara da labarinsa.

Tambaya mai wuya tana nan tafe. Duk wanda ya riƙe ɓangaren Harold ya riga ya san yadda aka ƙare. Ya san cewa mutanen Harold sun sauko daga tudu suna bin Normawa masu gudu, dawakai suka juyo suka karkashe su. To, me zai sauko da shi? Zai zauna daram har magariba, William ya yi ta dukan bango a banza. Idan doka ta bar shi haka, an yi wasa amma an rasa Hastings. Dole mai tsarawa ya ƙwace wani abu daga hannun kwamanda: duk sanda abokan gaba suka ja da baya a jefa ɗan ludo, in ya faɗi a ƙaramar lamba sahun ya balle da gudu ko mai shi yana so ko ba ya so. Haka jita-jitar mutuwar William, wadda ta sa ya ɗaga kwalkwalinsa don a ga fuskarsa. Ana iya mai da ita kati da za a zara ba zato. Kowace irin wannan doka fatawa ce a kan tarihi. Wanda ya sa zarafin ballewa ya yi yawa yana cewa rashin ɗa'a ne ya ci Ingilawa. Wanda ya rage ƙarfinsu tun farko yana ɗora laifin a kan gajiyar tafiya. Masana tarihi suna irin wannan gardama a rubuce, shi kuma yana yin tasa da kwali.

Inda al'adar ke da rauni shi ne tsafta. Ɗan wasa na tsaye bisa tebur yana ganin komai kamar mai kallon ramukan dara, ba ƙura, ba kururuwa, ba manzon da ya ɓata a hanya. Wanda aka kashe a ɗauke shi a mayar cikin ambulan, gobe ya sake fita. Wells kansa, mai ƙin yaƙi ne, ya ɗauki wannan a matsayin falalar wasan. Amma ga mai son fahimtar abin da ya faru, Reisswitz ya fi shi gaskiya, don shi ya rufe wa kwamanda ido. Wasan Hastings da ba shi da alƙali ko wata dokar da ke hana Harold yin abin da ya ga dama, ado ne kawai, komai kyan yankan almakashin.