Kalma da Hukunci: Nazarin Harshen Koyar da Tattalin Arzikin Kasuwa a Makarantun Kirista na Amurka

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai makarantun sakandare masu zaman kansu na Kirista, akwai kuma iyayen da ke karantar da 'ya'yansu a gida. Cikin darussan da ake ba 'yan ajin ƙarshe har da tattalin arziki, wanda ake koyarwa bisa abin da suke kira mahangar Kirista. Fitaccen misali shi ne littafin Russell Kirk (1918-1994) mai suna Economics: Work and Prosperity, wanda kamfanin A Beka Book na birnin Pensacola a jihar Fulorida ya buga a 1989, wato shekarar da katangar Balin ta faɗi. Manufar irin wannan karantarwa ita ce a nuna wa yaro cewa kasuwar da gwamnati ba ta cika sa wa hannu ba ta fi kowane tsari dacewa da Littafi Mai Tsarki.

Wannan takarda ba za ta yanke hukunci a kan wane tsarin tattalin arziki ya fi wani ba. Abin da ta sa gaba shi ne harshe: yadda ake zaɓen nassi, da yadda ma'anar kalma ke sauyawa tsakanin nassin da darasin, sannan da abin da ke faruwa idan aka zo fassara darasin zuwa Hausa.

2.0 Ginshiƙan Hujjar

Galibi hujjar tana tsayawa ne a kan nassoshi huɗu. Na farko, dokar hana sata ta Fitowa 20:15, wadda ake cewa ta tabbatar da haƙƙin mallaka, domin ba a satar abin da ba shi da mai shi. Na biyu, 2 Tasalonikawa 3:10, inda Bulus ya haɗa cin abinci da yin aiki. Na uku, misalin bayi uku na Matiyu 25:14-30, waɗanda ubangidansu ya bar wa dukiya, biyu suka juya ta, ɗaya ya binne tasa. Na huɗu, misalin ma'aikatan gonar inabi na Matiyu 20:1-16, inda mai gona ya biya kowa dinari guda bisa yadda ya ga dama.

Adalci shi ne a faɗi ƙarfin wannan hanya kafin rauninta. Tana koya wa matashi cewa ciniki yana da alaƙa da ɗabi'a, kuma farashi da albashi da ajiya abubuwa ne da suka shafi mutane masu rai. Haka kuma masu ita suna da amsa mai ma'ana ga wanda ya kawo musu Ayyukan Manzanni 2 da 4, inda masu bi na farko suka haɗa dukiyarsu wuri ɗaya. Sukan nuna sura ta 5, inda Bitrus ya tuna wa Hananiya cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma suna hannunsa bayan ya sayar. Ke nan rabon na ganin dama ne, laifin Hananiya kuwa ƙarya ce.

3.0 Zaɓen Nassi

Rauni na farko yana ga abin da aka bari. Littafin Firistoci 25 ya umarci a mayar wa kowane iyali gonarsa a shekara ta 50, bisa dalilin cewa ƙasa ta Allah ce. Sura ta 19 ta hana manomi girbe gefen gonarsa ƙarƙaf, don matalauci da baƙo su yi kala. Maimaitawar Shari'a 23:19-20 ta hana Ba'isra'ile karɓar kuɗin ruwa daga ɗan'uwansa. Waɗannan duk dokoki ne da suka ƙayyade ikon mai dukiya a kan dukiyarsa. Darasin da ya ɗauki Fitowa 20 a matsayin doka mai ci har yau, sannan ya ce Firistoci 25 ta Isra'ila ta dā ce kawai, wajibi ne ya bayyana ma'aunin da ya raba su da shi.

Ayar Tasalonikawa ta fi kowacce nuna haɗarin ciro jimla daga muhallinta. Bulus yana magana ne a kan wanda ya ƙi aiki da gangan, bai ambaci wanda ya nema ya rasa ba. Bugu da ƙari, wannan ƙa'ida ce Lenin ya kawo a 1917, ita ce kuma aka rubuta a sashe na 12 na tsarin mulkin Tarayyar Sobiyat na 1936. Idan jimla ɗaya ta yi wa ɗan kasuwa hidima, ta kuma yi wa ɗan gurguzu, to ita kaɗai ba ta isa raba gardama tsakaninsu ba.

4.0 Sauyin Ma'ana

Rauni na biyu ya fi shafar ɗalibin harshe. Misalan Matiyu guda biyu suna cikin jerin kwatancin Mulkin Sama. Misali kuwa, kamar karin magana, yana da ma'anar sarari da ma'anar ɓoye. Bahaushen da ya ce ruwa ba ya tsami banza ba ilmin ruwa yake koyarwa ba. Wanda ya ciro dokar albashi daga labarin gonar inabi ya riƙe hoton ya saki saƙon. Ko a sarari ma labarin bai yi masa daɗi ba, tun da wanda ya yi aikin awa guda da wanda ya wuni cikin rana lada ɗaya suka samu, abin da babu kasuwar da za ta daɗe a kansa.

Kalmar talanton ta Girkanci, wadda ke cikin misalin bayi uku, ma'aunin nauyi ce da ta kuɗi, kimanin dinari 6,000. Daga wannan misali ne kalmar talent ta Ingilishi da Faransanci ta sami ma'anar baiwa ko hazaƙa. Yaron da ke karatu da Ingilishi yana jin ma'anoni biyun a lokaci guda, don haka da sauƙi a zame da shi daga "yi amfani da baiwarka" zuwa "zuba jarinka". A Hausa wannan gada ba ta nan. Dole mai fassara ya zaɓa: ko kuɗi, ko baiwa.

Haka abin yake ga "hannun da ba a gani" na Adam Smith. Sau ɗaya tak ya ambace shi a littafinsa The Wealth of Nations na 1776, kuma siffantawa ce. Idan malami ya jera shi kusa da batun ikon Allah ba tare da bayani ba, ɗalibi zai ɗauka farashin kasuwa hukuncin Ubangiji ne, alhali ciniki ne na mutane.

5.0 Murya Ɗaya ko Muryoyi?

Jimlar "mahangar Kirista" tilo ce, tana nuna kamar ra'ayi ɗaya ne. Tarihi bai nuna haka ba. Majalisar Lateran ta uku a 1179 ta hukunta masu cin kuɗin ruwa a fili, yayin da John Calvin a wata wasiƙa ta 1545 ya halatta shi da sharuɗɗa. Fafaroma Leo na 13 a wasiƙarsa Rerum Novarum ta 1891 ya kare haƙƙin mallaka, ya kuma kare albashin adalci da ƙungiyoyin ma'aikata. A Amurka kanta, Ronald Sider ya fitar da Rich Christians in an Age of Hunger a 1977, David Chilton ya mayar masa da martani da littafi guda a 1981, Michael Novak kuma ya kare jari-hujja a The Spirit of Democratic Capitalism a 1982. Fafaroma John Paul na 2 a Centesimus Annus ta 1991 ya amince da kasuwa, da sharaɗin doka da ɗabi'a su yi mata shinge. Ɗalibin da aka ba ɓangare ɗaya na wannan muhawara da sunan addini gaba ɗaya an tauye shi, domin ranar da ya haɗu da ɗaya ɓangaren zai yi shakkar malaminsa, wataƙila har da abin da ya yi imani da shi.

6.0 Matsalar Fassara zuwa Hausa

Hausa tana da nata hukunci a cikin kalmominta. "Tattalin arziki" ya ƙunshi tattali, wato kula da adanawa, da arziki, daga rizƙ na Larabci, wato abin da Allah ya hore. Wannan ya yi kusa da oikonomia ta Girkanci, wadda asalinta tafiyar da gida ne, kuma daga tushenta aka sami sunan wakilin da ke cikin Luka 16. A nan Hausa ta taimaki darasin, don tunanin riƙon amana yana cikin kalmar tun asali.

"Jari-hujja" kuwa akasin haka ne. Ginin kalmar yana cewa mai jari shi ke da hujja, kuma da wuya a furta ta ba tare da ɗan zargi ba. Mai fassarar da ya sa ta a bakin Kirk ya sa shi sukar abin da yake yabo. In kuma ya ce "kasuwa mai 'yanci", ya ɗora wa tsarin darajar kalmar 'yanci, wadda kishiyarta bauta ce. Sai kalmar "riba": a rubutun boko ribar ciniki da ribar bashi siffa ɗaya gare su, furuci ne kaɗai ya raba su. Saboda haka ya fi aminci a rubuta "kuɗin ruwa" ga ta biyu.

7.0 Kammalawa

An ga cewa wannan karantarwa tana da amfani wajen haɗa ciniki da ɗabi'a, amma tana rauni a wurare uku: zaɓen nassi ba tare da bayyana ma'auni ba, ɗaukar misali a matsayin doka, da gabatar da ra'ayi ɗaya da sunan kowa. Gyaran ba mai wuya ba ne. A karantar da Firistoci 25 tare da Fitowa 20, a sa Sider kusa da Novak, a kuma gaya wa yaro inda nassi ya tsaya da inda fassarar malami ta fara. Ga ɗalibin Hausa kuwa, aikin da ya dace shi ne ya ɗauki sakin layi guda daga irin waɗannan littattafai ya fassara shi sau biyu, sau ɗaya da "jari-hujja", sau ɗaya da "kasuwa mai 'yanci", sannan ya karanta wa wanda bai ga na asali ba, ya tambaye shi ko marubucin yabo yake yi ko suka.