Masu Ƙwarya da Faifai: Yadda Ake Baje Koli a Jimeta

Kayan ɗaki ba su yi wa Jimeta kaɗan ba. Daga Kasuwar Zamani zuwa shagunan bakin titi na Nassarawo, Luggere da Rumde, babu abin da uwargida za ta nema ta rasa: kuloli 'yan China, farantan tangaran, tukwanen ƙarfe, robobi kala-kala da ake sayarwa a baro. A cikin wannan cunkoso ne wasu mata, da maza 'yan ƙalilan, ke fitowa da ƙwarya da faifai da ludayi da tabarmar kaba, su shimfiɗa, kuma su sayar. An saba yabon hannun da ya yi zane ko ya yi saƙa, kuma ya cancanta. Amma akwai gwaninta ta biyu wadda ba a cika lura da ita ba, wato iya fito da kayan gaban jama'a har wanda ya tsaya don kallo kawai ya laluba aljihunsa.

Sai an san irin kayen da ƙwarya ta sha kafin a gane girman aikin. Jimeta tashar jiragen ruwa ce tun asali. A zamanin Turawa, idan Binuwai ta cika da damina, jiragen kamfanoni irin su John Holt da UAC kan hauro su sauke gishiri da yadi da kwanonin sha, su kwashi gyaɗa da auduga. Langa da fanteka suka shiga ɗakin amarya, daga baya roba ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Roba ta fi araha, ba ta fashewa don ta faɗi, kuma ba ta buƙatar gyartai. Saboda haka mai sayar da ƙwarya a yau ba za ta ce wa kowa "ba ki da abin zuba gari" ba, domin kowa na da shi. Dole ta samo wani dalili da zai sa a so kayanta, ta kuma sa mai saye ya gan shi da idonsa kafin ya wuce rumfar gaba.

Abin da ke hannunta dai ba ƙaramin gado ba ne. Ƙasar Adamawa ta yi suna a zanen ƙwarya. Fulani, Bata, Yungur na wajen Song, Ga'anda na wajen Gombi, kowa da irin hannunsa, har wanda ya sani kan dubi bayan ƙwarya ya faɗi yankin da ta fito. Wani Bature mai bincike, T. J. H. Chappel, ya zaga yankin ya wallafa littafi guda a kan wannan sana'a a 1977, sannan a 1986 aka yi nunin ƙoren arewa maso gabashin Najeriya a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ta Amurka, bisa aikin Marla Berns da Barbara Rubin Hudson. Abin da ake ajiyewa a bayan gilashi a can, shi ne ake tayawa a nan ana cewa ya yi tsada.

Aikin kuwa daga gona yake farawa. A shuka duma da damina, a bar shi ya ƙosa, a fafe, a jiƙa har cikin ya ruɓe, a kankare, a shanya. Mai zanen wuta kan sa ƙarafa biyu ko uku a garwashi, tana ɗaukar ɗaya tana mayar da wanda ya huce. Da bakin ƙarfen take ja siririn layi, da gefensa take ƙona fili ya yi baƙi. Ba ta zana komai da fensir tukuna. Layukan farko su ke raba mata zagayen, sai ta riƙa juya ƙwaryar a kan cinyarta har zanen ya haɗu inda ya faro. Wasu kuma ba sa amfani da wuta, da tsinin wuƙa suke tsaga layukan, su shafa baƙi da mai ya shige ciki, su goge sauran. Ko ta wace hanya, kuskure ba ya gogewa. Wannan ne ya sa wadda ta yi da hannunta ta fi dillaliya iya tsayawa a kan farashi, don ta san abin da ta zuba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu wanda ya riƙe wannan magana kamar mai shirin zuwa baje koli. Makonni kafin ranar take fara lissafi. Ba ta haɗa kaya barkatai. Jeri take haɗawa, ƙwarya babba da matsakaiciya da ƙarama masu zane iri ɗaya, waɗanda za su zauna cikin juna, kowace da faifan da ya yi daidai da bakinta. Wannan dabara riba biyu gare ta. A mota, jeri goma kan ci wurin da ƙwarya goma za su ci, an sa tsumma ko takarda a tsakani don kada zane ya goge. A rumfa kuma, wadda ta zo sayen ɗaya takan ji nauyin raba 'yan uwa, sai ta kwashe duka. Kuɗin rumfa da na mota da na kwana galibi daga adashe suke fitowa, shi ya sa za ka tarar mata uku ko huɗu sun haɗa rumfa ɗaya: mai ƙwarya, mai faifai, mai tabarma, wani lokaci har da mai turaren wuta. Ba rowa ba ce. Kayan ɗayansu na jawo wa ɗaya ciniki.

Sai jerawa, wadda ita ce zuciyar gwanintar. A ganina, rumfar gwana ɗakin amarya ce aka fito da ita fili. Duk macen da ta taɓa zuwa jere ta san cewa ba a dire kaya inda aka ga dama. Akwai abin da ido zai fara sauka a kai daga bakin ƙofa, akwai wanda sai an zauna za a gani. Matan Fulanin daji ma haka suke jera ƙorensu a ruga, babba zuwa ƙarama, a matsayin dukiya da ado. Wannan ilimin ne ake kawowa kasuwa. Masakin da ya fi kowanne girma da kyau, wanda wataƙila ba za a saye shi ba har a tashi, shi ake ɗorawa a sama, don aikinsa ya tsayar da mai wucewa daga nesa. Ana kife ƙwarya, saboda zanen a baya yake, amma a bar ɗaya a buɗe a ga tsabtar cikinta. Faya-fayai ana rataye su a bango ko a igiya, ja kusa da baƙi, kore nesa da shuɗi, don kada launuka su cinye juna. Ƙananan kaya masu sauƙin kuɗi, ludayi da ƙoƙo da ɗan faifan rufe kofi, su ke zama a gaba daidai hannu. Wanda ya ɗauki abu ya jujjuya shi ya riga ya yi rabin saye.

Akwai wani abu kuma da baƙo ba zai kula da shi ba sai ɗan gari. Zafin Yola a watan Maris da Afrilu kan haura digiri 40, kuma rana na kashe rinin faifai, musamman na galura. Hunturu kuma na zuba ƙura, yana busar da ƙwarya har ta tsage. Shi ya sa za ka ga mai rumfa ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin inuwa da kayanta, tana juya na gaba zuwa baya, tsumma na hannunta tana gogewa. Idan aka sayi abu, ba ta barin gurbinsa a buɗe, kuma ba ta cika rumfa har ta toshe. Sauran kayan na cikin buhu a ƙarƙashin tebur.

Gwanayen cikinsu sukan zo da aikin da ba su gama ba. Mai faifai ta zauna da basilla da kaba tana ɗinki, mai ƙwarya, inda aka yarda a hura wuta, ta sa ƙarafanta a ɗan kasko. Ƙaurin ƙonar ƙwarya kaɗai ya isa ya tara yara, yara kuma su jawo iyaye. Wanda ya tsaya ya ga tsawon lokacin da layi ɗaya ke ci ba zai iya buɗe baki ya yi tayin wulakanci ba. Gani ya kori ji.

A wajen magana ma akwai zaɓi. Jimeta gari ne na harsuna, kuma mai rumfa takan tari wannan da "Jaɓɓaama", wancan da "Sannu da zuwa, Alhaji", ma'aikaciyar da ta zo daga kudu kuma da ɗan Turancin kasuwa. Ba ta yi wa kowa dogon bayani iri ɗaya. Uwar amarya so take ta ji cewa jerin zai fita kunya ranar kai gara. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki tsaraba yake nema, wadda za ta shiga jaka ba ta fashe ba. Tsohuwa kuwa ba a yi mata bayani, domin za ta ƙwanƙwasa ƙwaryar da yatsa ta saurari ƙararta, ta sansana cikin ta ji ko da sauran ɗaci. Ita sai dai a miƙa mata mafi kauri a yi shiru.

"Hajiya, nawa wannan jerin?"

"Ki taya, Anti. Kin ga irin hannun da aka sa."

In tayin ya yi ƙasa, sai a ce "Albarka" da murmushi, ba tare da an janye kayan daga hannunta ba. Mai wayo ba ta saurin karya farashin babban kaya, don ta san labari zai zaga rumfuna kafin la'asar. Gara ta riƙe kuɗinta ta ƙara ludayi biyu a matsayin gyara. Mai saye ta tafi tana jin ta yi nasara, darajar kaya kuma ba ta zube ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kasuwa ke zama makaranta. Mai rumfa na sauraron har waɗanda ba su saya ba. Wata ta ce da faifan ya fi haka faɗi da ta ɗora kula a kai. Wani ya tambaya ko za a iya rubuta sunan ango da amarya. Wata ta ce falonta ruwan toka ne, ja ba zai shiga ba. Zuwa taro na gaba sai ka ga faifai mai faɗi na teburin cin abinci, ƙwarya mai maɗauki a baya don ratayewa a bango, wata an huhhuda ta an sa ƙwan lantarki a ciki, ga ƙananan ludaya da aka ɗaure bibbiyu don rabo a wurin biki. Wasu na ganin wannan ɓata gado ne. Ni ban yarda ba. Zanen da aka daina saye shi ne ke mutuwa, kuma tsoffin ma ba su taɓa tsayawa a kan salo ɗaya ba. A Yola ɗin nan an ga matan da Jami'ar Amurka ta Najeriya ta koya wa saƙa da ledojin da aka zubar, suna yin jakunkuna da shimfiɗu da sunan Yola EcoSentials. Kayan aikin sabo ne, amma ranar fitowa gaban jama'a dokar ɗaya ce da ta mai kaba.

Ciniki kuma ba ya ƙarewa ranar da aka naɗe rumfa. Yanzu kowace na liƙa lambar wayarta a cikin ƙwarya ko a jikin leda, tana ɗaukar hoton jerin tun da safe kafin ƙura ta sauka, ta ɗora a WhatsApp da Facebook. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har waɗanda ba su taɓa shiga banki ba karɓar kuɗi ta waya. Sau da yawa ribar baje koli ba ta cikin abin da aka ƙirga a daren ƙarshe; tana cikin kiran da zai shigo bayan wata biyu, a ce ana son jeri ashirin na biki, ga kafin alƙalami.

Filayen da ake gwada wannan gwaninta suna da yawa ga wadda ta samu hali. Kasuwar baje koli ta duniya ta Kaduna na ci tun 1979, Kano na da tata, a Abuja kuma hukumar raya al'adu ta ƙasa kan shirya nunin sana'o'in hannu. Maƙwabtanmu sun yi mana nisa a nan: Wagadugu na da baje kolin SIAO tun 1988, Yamai kuma na da SAFEM, wanda aka ware musamman don sana'o'in mata. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Yola zuwa Kaduna da buhunan kaya masu fashewa ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, don haka yawancinsu a kasuwannin gida da tarukan mata da harabar wuraren biki suke tsayawa.

Ga hukumomin jiha da ƙungiyar 'yan kasuwa, abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: rumfuna masu inuwa a farashin da mai adashe za ta iya biya, mota guda da za ta kwashi kayan mata da yawa idan za a fita wata jiha, da wuri na dindindin kusa da filin jirgin saman Yola inda baƙo zai samu tsaraba ba sai ya jira taro ba. Ke kuma uwargida, in kin je haɗa kayan ɗakin 'yarki, ki ware wani abu daga kuɗin kuloli ki sayi jerin ƙwarya da faifai daga hannun wadda ta yi su, kuma in ta ce albarka, ki ƙara.